Darar Nomau da Tunau

Ni mutum ne marar haƙuri, duk wanda ya zauna da ni a Dakoro ya san haka, kuma in aka bi salsala Kaka Abu ce ta ɓata ni. Ita ce mahaifiyar babanmu. Da tatsuniya guda ɗaya tak ta riƙa ja mini rai tun ina aji biyu a lakwal, wato makarantar boko, har na tsayar da gemu, kuma har yau da nake wannan rubutu ban huce ba.

Gidanmu yana bakin gari, ta hanyar da ke fita zuwa Korahane. In ɗari ya shigo, da an idar da sallar isha'i sai Kaka ta hura wuta a ƙofar ɗakinta da karan gero, ta jawo tabarma, ta zuba gujiya cikin toka. Mu kuwa mu kewaye ta, ni da yayata Rabi da 'ya'yan baffanmu, kowa yana ture ɗan'uwansa don ya samu wajen da hayaƙi ba ya bi. Haƙoranta sun zube, don haka sai ta goga goronta a magogi, ta tara garin a tafin hannu, ta watsa baki, ta tsotsa son ranta. Kafin ta gama wannan hidima ni na tashi na zauna ya fi sau biyar.

"Kai angona, zamna mana," haka take ce mini. "Cinnaka ta shige maka wando ne?"

"Kaka, ki fara!"

"Ji shi. Miji babu ko kuɗin goro, sai faɗa."

Sai ta gyara zama ta ce, "Ga ta can tana tahowa, wa ke tarbarta?" Mu ce, "Mu ne, ta iso!"

Tana da tatsuniyoyi da yawa, na kura da na 'yan mata masu zuwa rafi, kuma sauran yara sun fi son waɗannan don akwai waƙa a ciki. Ni kuwa guda nake nema kullum, ta 'yan dara. Ba ta da waƙa, ba ta da dariya. In za ta yi ta, muryar Kaka kan sauka ƙasa, ta miƙa yatsa tana huda gurabu a rairayin da ke gabanta, layi biyar, kowane layi shida, ba tare da ta dubi hannunta ba.

Ga yadda take. A zamanin da babu mota babu hanya, wasu maza shida suka kora dabbobin garinsu suka yi arewa, wajejen Tagriss, neman ciyawa. A bakin wata rijiya mai zurfi mahara suka faɗa musu, suka kwashe dabbobin, suka ɗaure su da igiyar gugansu. Babban maharan ba mai tsawa ba ne. Magana yake a hankali kamar mai gaida surukai, kuma duk duniya babu abin da yake so irin dara. Ya dube su ya ce sun yi masa yawa. Ya ce su kasu biyu-biyu su yi dara a gabansa. Wanda ya ci, a ba shi salkar ruwa da takalmansa ya koma gida. Wanda aka ci, a kai shi bayan tudu.

"Mi ake yi a bayan tudu?" Rabi ta taɓa tambaya.

"Wanda anka kai bai dawo ya ba da labari ba," in ji Kaka.

Wanda ya san dara ya san ba a gaggawa a cikinta. Gurabu talatin ne, kowa da 'ya'yansa sha biyu, ɗaya ya riƙe tsinke ɗaya kashin raƙumi, wanda ya jera uku ya ɗauke ɗan abokin wasansa. Tsofaffi kan yi rabin wuni a kan wasa guda. To, babban mahara ya hana wannan. Rijiyar nan da sa ake jan ruwanta, sai sa ya yi tafiya mai nisa da igiya kafin wasaki, babban gugan fata, ya iso baki. Ya ce wannan shi ne lokacin kowa. In tafiya taka ce, wasaki ya fito ba ka motsa ɗa ba, ku biyun duka bayan tudu. A nan Kaka kan kwaikwayi kukan icen da igiya ke bi ta kansa, ƙiiii, ƙiiii, tana jan sautin, mu kuwa mu ƙanƙame juna.

Biyun farko abokai ne tun yarinta. Suka yi wasa da sauri suna zagin juna, kafin azahar an tafi da ɗaya. Na biyu akwai dattijo a ciki, shi ma bai kai la'asar ba. Aka ba waɗanda suka ci salkunansu, suka kama hanya ba su waiwaya ba. Saura mutum biyu, wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya. Kaka ba ta kiran sunansu, Babba da Ƙarami kawai take cewa. Babba gwanin dara ne, an san shi gari da gari. Ƙarami kuwa ya dai san yadda ake tura ɗa daga gurbi zuwa gurbi.

Suka zauna, suka dasa 'ya'yansu, suka fara turawa, amma babu mai ci. Babba ya buɗe wa Ƙarami hanya, Ƙarami ya kau da kai. Ƙarami ya buɗe, Babba ya bi ta wani gefe. Ranar farko babban mahara dariya ya yi ta yi. Rana ta biyu ya hana a ba su ruwa, ga shi kuwa suna jin ƙarar zubarsa cikin kwami, dabbobi na sha a bayansu. Rana ta uku ya daina dariya. Ya ce ya gaji, daga yanzu wanda ya fara ci, ko ɗa guda ne, shi ya tsira. Sai wasan ya juye. Kowanne yana neman ya toshe wa ɗan'uwansa duk wata hanya, har ya zama ba shi da abin motsawa sai wanda zai jera uku. Kowanne yana yaƙi don a cinye shi. Leɓunansu sun tsage, harshe ya kumbura, sa yana tafiya yana dawowa, wasaki yana hawa yana sauka.

To, a nan ne Kaka take cutata. Yau ta ce hadari ya taso, ruwa ya shafe gurabun, mahara suka watse. Gobe ta ce kunama ta harbi babban mahara. Wata rana raƙumi ne ya tsinke ya tattake wasan, 'yan'uwan suka hau shi suka gudu. Sauran yara su yi tafi, su kwashi gujiya. Ni kuwa in miƙe tsaye.

"Ƙarya ne! Jiya kin ce kunama!"

"Jiya kunama ce, yau raƙumi. Tatsuniyarka ce ko tawa?"

"To wanne ne na gaskiya?"

"Ta ƙare nan. Wanda bai ƙoshi ba shi bi ta da gudu." Sai ta shafe gurabun da tafin hannu ta shige ɗaki.

Na sha kuka a kan wannan, wallahi. In kwanta ina juyi, ina jin kukan icen rijiya a kunnena. A lakwal mushe, malaminmu, na rubutu a allo, ni ina zana gurabu talatin a bayan littafi. Abin da ya ƙara rura mini wuta shi ne an hana dara a gidanmu. Ranar da babanmu ya same ni bayan rumbu na huda ƙasa ina jera tsakuwa, ya tsinko igiya ya yi mini dukan da bai taɓa yi mini irinsa ba, kuma bai ce mini ga dalili ba. Duka bai hana ni ba. Na koma zuwa inuwar wani itacen bedi kusa da kasuwar dabbobi, inda tsofaffi ke wuni suna dara, in tsuguna ina kallo har na iya.

Ina da shekara goma sha biyu ko sha uku, wata rana abokin wasan wani tsoho mai suna Barmo bai zo ba, ya ce in zauna in riƙe tsinke. Na cinye shi. Aka yi shewa, aka ce a sake, na sake cinye shi. Tsohon ya ji kunya, ya ɗago ya ƙare mini kallo.

"Kai ɗan wane ne?"

Na faɗi sunan babanmu.

"Af! Jinin Nomau ne. Ku yi hankali da shi, jama'a. Su in sunka zamna dara ko ƙanensu ba su bari."

Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai, wani ya ce, "Haba Barmo, yaro ne." Ni ban san wane ne Nomau ba, amma cikina ya ba ni. Na zubar da tsinken na tafi, ban tsaya ko ɗaukar takalmina ba.

Da yamma aka hura wuta kamar kullum. Ban bari ta gama goga goro ba.

"Kaka, Babba shi ne Nomau?"

Magogin ya tsaya a hannunta. Ta ce wa sauran yara su tafi wajen uwayensu, yau babu tatsuniya. Suka tafi suna hararata. Ta jawo ni kusa da ita, ban taɓa jin hannunta da sanyi haka ba.

"Nomau ubana ne," ta ce. "Ƙarami kuwa Tunau, ƙanensa. Wa ya gaya maka?"

Na gaya mata abin da Barmo ya ce. Ta gyaɗa kai kamar wadda ta daɗe tana jiran ranar. Sai ta ba ni ƙarshen da babu kunama babu raƙumi. Rana ta uku, wajen la'asar, tafiya ta Nomau ce. Wasaki yana hawowa, yana hawowa, har an fara jin ɗigar ruwansa. Nomau ya ɗaga tsinke ya dasa, uku suka jeru. Tunau ya dube shi ya ce, "To yaya, ka gaida gida." Aka tafi da shi bayan tudu. Nomau ya iso garinsu Roumbou da ƙafa, da salka a kafaɗa, shi kaɗai.

"Ubana ya ce Tunau ne ya rufe shi ta ko'ina. Ya ce bai da wata tahiya sai waccan, in kuma ya tsaya su biyu za a kashe. Mutanen gari sunka ce, Tunau? Tunau da bai iya komi ba shi ne zai rufe Nomau? Babu shaida, waɗancan biyun sun riga sun taho. Uwarsu har ta mutu ba ta ƙara cin abin da ya hito daga hannunsa ba. Ni na tashi ana nuna ni a bakin rijiya, ana cewa ga ɗiyar wanda ya ci ƙanensa. Abin da ya tashe mu daga Roumbou ke nan, amma ka gani, maganar ta biyo mu."

"To gaskiya ya faɗa?"

"Abin da nike son sani ke nan kahin in mutu, Isuhu. Shi kaɗai."

Sai ta gaya mini abin da ya hana ni sukuni shekara da shekaru. Ta ce ubanta bai ƙara wasa da kowa ba, amma kullum da la'asar yakan zaga bayan ɗaki, ya huda gurabu, ya jera 'ya'yan yadda suke a waccan tafiya ta ƙarshe, ya zauna yana kallo har magariba. Ita ke kai masa ruwa. Ta ga jerin nan sau ba adadi, har ya zauna mata a ka daram. Ba ta san dokar dara ba, wasan maza ne, amma ta san inda kowane tsinke yake da inda kowane gurbi yake fanko.

Na yi tsalle na miƙe. "Jera mini! Na iya, Kaka, yau na cinye Barmo sau biyu! Yanzun nan in gaya miki!"

"A'a."

"Don Allah!"

"Na ce a'a. Ban taɓa nuna ma kowa ba, ko mijina, ko ubanka. In anka duba anka ce akwai wata hanya, ina zan sa kaina?"

Daga ranar ba ta ƙara yin tatsuniyar 'yan dara ba, ni kuma ban ƙara jin daɗin sauran ba. Na yi roƙo, na yi fushi, na yi kwana uku ban gaishe ta ba. Na yi mata wayo ina tambayar ko tsinke nawa ne a layin farko, ta ce, "Angona, ni na haifi ubanka." Na tafi kwaleji a Maradi, can ma dara ta bi ni, har aka daina yarda a zauna da ni. Na gama, aka tura ni koyarwa Korahane. Duk hutun bakansi in na zo gida, bayan gaisuwa tambayata guda ce, amsarta ma guda ce, "Ba yau ba." Wani lokaci in fita daga ɗakinta ina huci, in ce tsohuwar nan so take ta tafi da abin nan kabari don ta ƙarasa haukata ni.

Wata damina, gero ya fara fitar da kai, aka aiko mini cewa Kaka na nemana, kada in jira Juma'a. Na hau moto, wato babur, na taho ta cikin yashi, na iso da hantsi. Ta rame ƙwarai, idanunta sun yi fari, sai dai ta gane mutum da murya. Ta sa na ɗauke ta na fito da ita inuwar zana, ta ce wa Rabi ta ja yara su ba mu wuri.

Ta lalubi ƙasa ta share da hannu. Ta huda gurabu talatin, layukan a miƙe kamar da igiya aka auna. Ta kwance wani ƙullin tsumma daga bakin zanenta, tsinke sha biyu da ƙwallon dabino sha biyu a maimakon kashin raƙumi. Ta fara dasawa ɗaya bayan ɗaya, ba ta yi jinkiri a kan ko guda ba. Ni da na shekara goma sha biyar ina roƙon wannan rana, sai na ji ina so in tashi in gudu.

"Tsinke ne nasa," ta ce. "Tahiya tasa ce. Duba mini."

Na duba. Tunau ya yi aiki, Allah ya jiƙansa. Wanda aka ce bai iya komai ba ya bi tsinken wansa ya danne su ɗaya bayan ɗaya, gurabun da suka rage fanko kusan duk suna cikin nasa 'ya'yan. Ga tafiyar ci nan a tsakiya, a buɗe. Na fara jin sanyi a raina. Sai idona ya sauka can kusurwa, dab da gwiwarta. Tsinke guda a bakin layi, gurbin da ke gefensa fanko. In aka tura shi can ba ya jera uku, ba ya karya wata doka, wasa ya ci gaba ke nan. Ba ɓoyayyar hanya ba ce. Ɗan shekara goma da ya yi wata guda a gindin bedi zai gan ta.

Na sake ƙirga 'ya'yan, sha biyu da sha biyu. Na sake bin layukan. Gurbin yana nan inda yake. Kaka ta karkato kai wajena, ba ta ganina amma tana sauraron numfashina, hannunta ɗaya a kan ƙafata.

"Ka yi shiru, Isuhu."

"Ina dubawa ne, Kaka."

"To?"

"Babu. An rufe shi ta ko'ina. Bai da wata tafiya sai wannan."

"Ka duba da kyau?"

"Na duba."

"Rantse."

Ban yi tsammanin wannan ba. Na dubi bakinta da ke motsi, na dubi kusurwar nan, na ce, "Wallahi tallahi babu wata hanya."

Ta saki ƙafata. Ta yi wata ajiyar zuciya mai tsawo, sannan ta fashe da kuka irin na yara, tana cewa, "Baba, ka gafarce ni, Baba, ka gafarce ni." Ashe ita ma duk tsawon rayuwarta tana zarginsa a ɓoye. Da ta natsu ta ce a dama mata fura, ta shanye ƙwarya guda, ita da aka ce kwana huɗu ba ta sa komai a cikinta ba. Ta sa aka kira babanmu daga gona.

"Isuhu ya duba," ta ce masa. "Kakanka bai yi ƙarya ba."

Babanmu ya tsaya da hauya a kafaɗa yana kallona. Mutumin da ya yi mini dukan nan a bayan rumbu ya zo ya dafa kaina. Ranar Juma'a ya sa aka yi waina aka raba sadaka da sunan Nomau, abin da ba a taɓa yi ba a gidanmu. Ya bi ta gindin bedi ya faɗa wa waɗanda suka rage a cikin tsofaffin, da ƙarfi, don kowa ya ji. Kaka ta rasu kafin a yanke geron shekarar, kuma waɗanda suka yi jinyarta sun ce ba su taɓa ganinta da sakin fuska irin na waɗannan makonni ba.

Ni kuwa tun ranar ban samu zama ba. Na je wajen wani malami a Korahane, ban faɗa masa kan zancen ba, na dai tambaye shi kaffarar wanda ya rantse da Allah a kan abin da ya san ƙarya ne. Ya ce irin wannan rantsuwa ta fi ƙarfin kaffara, sai dai tuba. Ina tuba, amma ban san yadda ake tuba daga abin da in aka mayar da ni zan sake yi ba.

Na nema wa Nomau uzuri iri-iri. Na ce watakila Kaka ta kuskure gurbi guda, shekarun da yawa, in ƙwallo ɗaya ya gusa hanyar ta toshe. Na ce mutumin da ya kwana biyu babu ruwa, rana na dukan kansa, igiya na kuka a bayansa, yana iya kallon gurbi bai gan shi ba. Wata rana in yarda da wannan, in ji sauƙi har yamma. Sai kuma in tuna cewa wanda da gaske ba shi da wata hanya ba zai zaga bayan ɗaki kullum ya zauna yana kallon wasa guda har ya tsufa ba. Abin da ban sani ba, kuma babu mai gaya mini, shi ne ko ya ga kusurwar nan kafin ya ɗaga hannu ko bayan ya sauke.

Shekaru na yi ina jin haushinsa. In ce gwanin banza, ƙanenka ya ba da ransa saboda kai, kai kuwa ka karɓa. Ina cikin wannan hali wata safiya a aji, alli a hannuna, ina koya wa yara lissafi, sai wani lissafin ya faɗo mini. Kaka Abu ba ta taɓa ganin Tunau ba. Bayan dawowar Nomau aka haife ta. Da ya tura tsinken nan kusurwa, watakila Tunau ne zai dawo da salka, watakila kuma babu mai dawowa. Ko wanne ne, babu Kaka Abu, babu babanmu, babu Rabi, babu ni da ke tsaye ina yanke masa hukunci, babu 'ya'yana huɗu da na baro a gida suna karin kumallo. Na kasa ƙarasa abin da nake rubutawa a allo. Na ce wa yaran su fita su sha iska, na zauna a kan tebur ina kallon hannuna.

Lokacin da nake yaro na ɗauka tatsuniyar tana koya mana ƙaunar ɗan'uwa ne, kuma na tabbata da ni ne a bakin rijiyar nan da na san abin da zan yi. Yanzu ba na cewa haka. Ina da ƙane, ina ƙaunarsa, ina kuma da 'ya'ya, kuma ba na son a tambaye ni.

Babanmu ya rasu bara, yana alfahari da kakansa. Kafin ya rasu Rabi ta samu jika namiji, shi da kansa ya ce a riƙa kiran yaron Nomau, don sunan ya dawo gida. Ni aka miƙa wa jaririn ranar suna, aka ce ai ni na wanke sunan, ni ya kamata in fara yi masa addu'a. Na karɓe shi, na tofa masa abin da ya sawwaƙa, mutane suna cewa amin. Da na miƙa shi na fito waje, na daɗe a tsaye a bakin zaure kafin na iya komawa cikin jama'a.